Balan-balan ɗin Rage Ƙiba: Idan Ta Rikice a Ciki, Wa Zai Cire Ta?

Ba yanka, ba ɗinki, ba kwanciya a asibiti. Da waɗannan kalmomi ake tallar balan-balan ɗin rage ƙiba, kuma babu ƙarya a cikinsu. Mutum zai je asibiti da safe bai ci komai ba, a ba shi maganin da zai sa shi barci na ɗan lokaci, likita ya zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki har cikin tumbi, wato jakar da abinci ke sauka idan an haɗiye shi. Zai duba ko akwai gyambo ko wata matsala. Idan bai ga komai ba, sai a tura balan-balan ta roba mai laushi a naɗe, a ɗura mata ruwan gishiri tsakanin mililita 400 zuwa 700, a zare bututun ɗurin, bakinta ya rufe da kansa. Aikin duka bai cika wuce rabin awa ba. Kafin magariba mutum yana gida, tumbinsa ɗauke da abin da ya kai ledar fiyawota guda ko ya ɗan ɗara, kuma haka zai zauna da shi har wata shida.

Balan-balan ɗin tana cinye wuri, tana kuma jinkirta fitar abinci daga tumbi zuwa hanji, sai loma kaɗan ta ƙosar da mutum, ya daɗe bai ji yunwa ba. Kuma tana aiki. A 2015 ƙungiyar likitocin leƙa ciki ta Amurka ta tattara binciken da aka yi a kan samfurin Orbera, ta ga cewa a wata shida mutane kan rage kimanin kashi 13 cikin 100 na nauyin jikinsu. Ga mai kilo 110, wannan ya kai kilo 14. Wanda ciwon suga da hawan jini suka sa a gaba, ko wadda gwiwoyinta suka daina ɗaukarta, ba za su raina kilo 14 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta zama cuta, saboda haka masu neman mafita suna da yawa, kuma suna da hujjar nema. Ba na cikin masu kushe wannan dabara. Abin da ke damuna shi ne yadda ake cika baki a kan rabin awar sakawa, a yi shiru a kan wata shidan da ke biye, alhali kusan duk haɗarin a cikinsu yake, kuma kusan duk wanda ya tsira daga haɗarin ya tsira ne domin wani ya gane alama da wuri ya cire abin a kan lokaci.

Likitoci sun daɗe da lura cewa mutanen da wani ƙullutun gashi ko zare ya taru musu a tumbi sukan rame. Daga nan tunanin ya taso. A 1982 wasu likitoci biyu 'yan Denmak, Nieben da Harboe, suka wallafa gwajin da suka yi na saka balan-balan a tumbin masu ƙiba. A 1985 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da samfurin farko mai suna Garren-Edwards. Iska ake hura mata, siffarta kuma ba zagayayya ba ce, tana da gefuna. An yi ta rububinta, sannan rahotanni suka fara shigowa: tana goge bangon tumbi har ya yi gyambo, tana sacewa ta gangara ta toshe hanji. Da aka gwada ta da kyau kuma, sai aka tarar waɗanda aka saka wa ba su fi waɗanda aka yi wa aikin bogi ramewa ba. Cikin 'yan shekaru aka daina ƙera ta. A 1987 ƙwararru suka taru a garin Tarpon Springs na jihar Fulorida suka fayyace siffar balan-balan da za a iya yarda da ita: zagayayya, mai santsi, mai ƙwari, wadda ake cikawa da ruwa, mai alamar da za ta fito a hoton eksare. A kan wannan aka ƙera BIB a 1991, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa Orbera. Turai da Burazil da ƙasashen Larabawa sun yi shekaru masu yawa suna amfani da ita kafin Amurka ta sake buɗe ƙofa a 2015.

Kwanakin farko bayan sakawa suna da wuya, kuma ya kamata a faɗa wa mutum haka tun kafin ya sa hannu a takarda. Tumbi bai san abin da aka ajiye masa ba. Yana matsa shi kamar yadda yake matsa abinci, yana ƙoƙarin tura shi gaba ko mayar da shi baya, abin ya ƙi motsi. Sakamakon shi ne tashin zuciya, amai, murɗawar ciki da ƙwannafi, galibi na kwana uku zuwa mako guda. A wancan lissafi na 2015, kusan mutum ɗaya cikin uku ya koka da ciwon ciki, kashi 29 cikin 100 da tashin zuciya, kashi 18 da dawowar ruwan tsami zuwa maƙoshi, sannan kimanin kashi 7 sai da aka cire musu kafin wa'adi domin sun kasa jurewa.

Wannan wahala ana iya rage ta sosai idan an shirya. Ana fara maganin rage tsamin ciki irin su omeprazole tun kafin ranar sakawa, kuma ba a dainawa har sai an cire balan-balan ɗin. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta jaddada wannan a ƙa'idojinta na 2021. Ana haɗa magungunan hana amai iri biyu ko uku, kamar ondansetron da aprepitant, da na kwantar da murɗawa irin su hyoscine, wanda mutane suka fi sani da Buscopan. Abinci kuwa ruwa-ruwa ne zalla a makon farko, kurɓi kaɗan-kaɗan, ba a kwankwaɗa, sannan a koma ga mai laushi kamar kunu marar kauri da dafaffen ƙwai, kafin a kai ga abinci sosai. Ana son mutum ya ɗaga kansa da matashi idan zai kwanta, kada ya ci abinci dab da barci. Idan balan-balan ɗin ta gangaro ta danne mafitar tumbi, likitoci kan ce a kwanta ta gefen hagu domin ta koma sama. Akwai kuma wani abu da mutane ke jin kunyar faɗa: gyatsa mai wari. Guntayen abinci ne ke maƙalewa a jikin robar su ruɓe, kuma shan ruwa bayan an ɗan huta da cin abinci yana wanke su.

Inda ake samun asarar rai shi ne wurin bambance wannan wahala ta al'ada da alamar haɗari, domin da fari kamanninsu ɗaya. An riga an gaya wa maras lafiya cewa zai yi amai, saboda haka ko aman ya wuce kima sai ya daure. Idan ya kira waya, wanda ya ɗauka ya saba jin irin wannan kuka, sai ya ce masa ya ƙara haƙuri. A haka kwana biyu za su wuce, waɗanda da an yi amfani da su da an ceci mutum.

Amai da kansa yana iya kisa. Wanda ya kwana ya wuni ruwa bai zauna masa ba, jikinsa zai bushe, fitsari ya ragu ya yi duhu, jiri ya kama shi idan ya miƙe. Sinadarin fotasiyam yana zubewa, kuma idan ya yi ƙasa ƙwarai bugun zuciya yana rikicewa. Ƙoda tana iya tsayawa. Irin wannan mutum wurinsa asibiti, a auna jininsa, a yi masa ƙarin ruwa, a mayar masa da gishirin da ya rasa. Idan aman ya ɗauki makonni, akwai wani haɗari da ake yawan mantawa da shi, wato ƙarewar bitamin B1. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, rashinsa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa: mutum ya rikice, ido ya riƙa rawa, tafiya ta gagara. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa yake ba da wannan bitamin kafin ya ɗaura ruwa mai suga. Masu ciwon suga da ke shan magani ko yin allurar insulin suna bukatar a rage musu tun ranar farko, tunda cin abinci ya ragu, in ba haka ba sugan ya faɗi. Haka masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Idan an yi duk wannan aman bai tsaya ba, babu sauran dabara, cirewa za a yi. Samfurin Spatz3, wanda Amurka ta amince da shi a 2021, yana da ɗan bututun da ake jawowa a rage masa ruwa, don haka wani lokaci akan rage a bar shi. Sauran ba su da wannan dama.

A watan Fabrairun 2017 FDA ta aika wa likitoci wasiƙa a kan matsaloli biyu da ba a rubuta su a takardar gargaɗin samfuran ba. Ta farko ita ce kumburar balan-balan da kanta. Haka kawai sai iska ta taru a cikinta a saman ruwan, ta yi ta girma har ta fi ƙarfin tumbi. An ga hakan tun daga kwana tara bayan sakawa, kuma tana iya faruwa ko bayan watanni. Cikin mutum zai kumbura ya yi tauri, ga ciwo mai tsanani, ga amai, har numfashi ya yi wuya domin abin yana tokare huhu daga ƙasa. Masana da dama suna danganta shi da ƙwayoyin cuta ko naman gwari da suka shiga ruwan suna fitar da iska. Hoton eksare na ciki, wanda kusan kowane babban asibiti yake da shi, ya isa ya nuna balan-balan da ta yi girman da bai kamata ba, ruwa a ƙasa, iska a sama. Maganinta a huda ta a cire. A binciken da aka yi bayan amincewa da Orbera a Amurka, mutum 6 cikin 258 ne suka gamu da wannan.

Ta biyu ita ce kumburin fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi, mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Nauyin balan-balan mai cike da ruwa yana iya danne ta. Ciwon yana tasowa daga saman ciki ya ratsa zuwa baya, kuma an gan shi tun kwana uku bayan sakawa, daidai lokacin da kowa ke tsammanin ciwon na al'ada ne. Gwajin jini na lipase shi ke tona shi, sai hoton sikanin ya tabbatar. Ana hana mutum abinci, a yi masa ƙarin ruwa, a ba shi maganin ciwo, a cire abin da ke danne gaɓar. Yawancinsu suna warkewa da sauri da zarar an cire.

A watan Agustan 2017 FDA ta sake rubuto wasiƙa, wannan karon a kan mutuwar mutum biyar, huɗu masu Orbera, ɗaya mai ReShape, wani samfuri mai balan-balan biyu a haɗe da yanzu an daina sayar da shi. Dukkansu sun rasu cikin wata guda da sakawa, uku daga ciki tsakanin kwana ɗaya zuwa uku. A watan Yunin 2018 adadin da aka kai wa hukumar rahoto daga duk duniya ya kai 12, a watan Afrilun 2020 ya kai 18. Idan aka auna da ɗimbin balan-balan da aka saka a waɗannan shekaru, adadin kaɗan ne, kuma adalci ne a faɗi haka. Likitocin Burazil, waɗanda suna cikin waɗanda suka fi kowa gogewa a wannan aiki, sun haɗa bayanan sakawa sama da 40,000 suka wallafa a 2018, suka samu matsaloli a kashi 2.5 cikin 100, da mutuwa uku da aka danganta kai tsaye ga balan-balan ɗin. Amma waɗannan mutane ne da suka shiga asibiti da ƙafarsu domin aikin da aka ce musu ba tiyata ba ne.

Mafi muni a cikin matsalolin ita ce hujewar tumbi. A cikin sabbin mutuwa biyar da FDA ta ambata a 2018, huɗu an ba da rahoton hujewa a cikinsu. Yadda abin ke faruwa shi ne, balan-balan ta daɗe tana danne wuri guda, jini ya kasa isa wurin, bango ya yi gyambo, gyambo ya zurfafa har ya ɓulle. Abin da ke cikin tumbi sai ya kwarara cikin kogon ciki. Ciwon yakan zo farat ɗaya, mai tsanani, ciki ya sandare ba ya son taɓi, zuciya ta riƙa bugu da sauri, zazzaɓi ya biyo baya, wani lokaci har kafaɗa ta yi ciwo. Nan ba maganar waya ko jiran safiya. Tiyata ce ta gaggawa, a fitar da balan-balan, a ɗinke hujin, a wanke ciki, a ɗora mutum a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Kowace awa da aka ɓata tana rage damar tashi.

An san waɗanda wannan ya fi samu. A wani babban bincike na Italiya da aka wallafa a 2005 a kan mutum 2,515, biyar tumbinsu ya huje, huɗu daga cikinsu an taɓa yi musu tiyatar tumbi a baya, biyu kuma suka rasu. Tun daga nan tsohuwar tiyatar tumbi ta zama babban dalilin hana sakawa. Haka ma mai gyambon ciki da bai warke ba, mai babban gwaiwar da tumbi ke turowa ƙirji, mai matsalar daskarewar jini, mai ciwon hanta mai tsanani, mai juna biyu, da wanda shaye-shaye ko wata lalurar ƙwaƙwalwa ba za ta bar shi ya bi ƙa'ida ba. Rabin maganin matsala ana yinsa ne a wannan mataki, lokacin da likita ya dubi mutumin da ya zo da kuɗinsa a hannu ya ce masa a'a.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Abubuwa biyu da ke haddasa gyambo suna da yawa a cikinmu. Na farko ƙwayar cutar H. pylori, wadda bincike ya nuna akasarin manya a Najeriya suna ɗauke da ita, da yawa ba su sani ba. Hankali ya ce a gwada, a kashe ta, kafin a ɗora wa tumbi wani nauyi. Na biyu magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac, piroxicam da asfirin, waɗanda ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, wani lokaci a cikin haɗin da mai kemis ya ƙulla a leda, mai sha bai san me ke ciki ba. Mai ƙiba kuwa shi ne mai ciwon gwiwa da ciwon baya, wato shi ne ya fi kowa shan su. Duk mai balan-balan a ciki, waɗannan magunguna haramun ne gare shi har a cire, kuma dole ya faɗa wa duk wanda zai rubuta masa magani. Paracetamol shi ne abin da aka saba ba shi. Wanda ya ji sauƙi bayan wata biyu ya ajiye omeprazole domin yana ganin ya warke, shi ma ya buɗe wa gyambo ƙofa. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta, ko aman jini, alama ce gyambon ya fara zubar da jini.

Sai kuma sacewa. Ruwan tsamin tumbi yana cin robar a hankali, shi ya sa aka yanka mata wa'adi. Idan ta huje, ruwan gishirin ba ya cutarwa, jiki zai shanye shi. Matsalar ita ce fankon robar, wanda yanzu ya yi ƙanƙantar da zai iya wucewa cikin hanji. Wani lokaci yakan fita ta bayan gida lafiya lau. Wani lokaci kuma ya maƙale a ƙaramin hanji ya toshe shi, ciki ya kumbura, amai ya zama kore, bayan gida da tusa su tsaya, sai an yi tiyata an tsaga hanji an ciro shi. Domin a kama abin tun yana tumbi, likitoci da yawa suna zuba wani shuɗin sinadari mai suna methylene blue a cikin ruwan. Ranar da balan-balan ta fara yoyo, fitsari zai koma kore ko shuɗi. Wanda ya ga haka ya nemi likita a ranar, domin a cire cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ta gangara. Ba kowane likita ke zuba shuɗin ba, don haka ya kamata mutum ya tambaya. Idan ba a zuba ba, alamar da ta rage ita ce dawowar yunwa kwatsam: wanda rabin faranti ke ƙosarwa ya wayi gari yana cinye faranti guda bai ji komai ba.

Babban abin da ke kawo wannan toshewa shi ne wuce wa'adi. Orbera ta asali wata shida ce, akwai kuma samfuran da aka yi domin shekara guda. Mutum ya ga yana ramewa, ba ya jin ciwo, kuɗin cirewa kuma ba kaɗan ba ne, sai ya ce bari ya ƙara wata biyu, biyu su zama shida. Rahotannin likitoci cike suke da labarin waɗanda aka kawo da toshewar hanji bayan sun bar balan-balan ta shekara biyu ko fiye a ciki.

Mata suna da wani ƙarin lissafi. Da yawa suna neman rage ƙiba ne domin neman haihuwa, kuma ramewa takan daidaita al'ada ta sa ciki ya shiga ba zato. Ba a son juna biyu da balan-balan a tare. Ya kamata a tattauna tsarin iyali na waɗannan watanni tun farko, idan kuma cikin ya shiga, a sanar da likita nan take. Galibi ana cirewa ne a watanni uku na tsakiyar goyon ciki, lokacin da maganin barci ya fi sauƙin haɗari.

A 'yan shekarun nan an samu sabon salo da ya ƙara sauƙaƙa sakawa. Samfurin Allurion ƙwaya ce babba da ake haɗiyewa da ruwa, da siririn bututu a jikinta. A ɗauki hoton eksare a tabbatar ta isa tumbi, a ɗura mata ruwa mililita 550, a zare bututun. Babu kyamara, babu maganin barci. Bayan kimanin mako 16 bakinta yana buɗewa da kansa, ta sace, ta fita ta bayan gida. Dabara ce mai kyau, amma tana da gefe biyu da ya kamata a duba. Ba wanda ya leƙa tumbin kafin a saka, kuma wanda ya saka ba lallai ne ya iya cirewa ba idan abu ya rikice. A watan Agustan 2024 hukumar kula da magunguna ta Faransa ta dakatar da sayar da ita a ƙasar, bayan ƙaruwar rahotannin matsaloli masu tsanani irin su toshewa da hujewa, ta kuma nuna damuwa a kan yadda ake bibiyar marasa lafiya bayan sakawa. An ɗage dakatarwar a watan Fabrairun 2025 bayan an yi gyare-gyare. Abin lura shi ne hukumar ba ta tsaya ga robar kaɗai ba, ta dubi abin da ke faruwa da mutum bayan ya bar asibiti.

Wannan tambaya ta bibiya ita ce ta fi damuna game da mutanenmu da ke zuwa Turkiyya, Masar, Indiya ko Dubai a yi musu aikin. Tsarin da aka saba shi ne a sauka, a saka, a huta kwana biyu ko uku a otal, a hau jirgi. Ke nan mutum yana dawowa gida ne a tsakiyar makonnin da suka fi haɗari, likitansa yana nisan dubban kilomitoci, abin da ya haɗa su saƙon WhatsApp ne kawai. Idan dare ya yi ciki ya murɗa, asibitin da ke kusa za a kai shi, wurin likitan da wataƙila bai taɓa ganin mai balan-balan ba. Wasu ma ba su gaya wa iyalinsu abin da suka je yi ba, saboda kunya ko gudun surutu, don haka wanda ya kawo su asibiti ba shi da abin faɗa. Za a iya ɗaukar abin a matsayin olsa ko taifot a yi ta magani, lokaci yana tafiya. Na'urar leƙa ciki kuwa a manyan asibitocin koyarwa da wasu asibitoci masu zaman kansu na birane take, kuma ko inda take, ba lallai a samu allurar huda balan-balan da maƙatar jawo ta a ajiye ba.

Saboda haka wanda ya ƙudura zai yi, ya fara daga ƙarshe. Kafin ya sayi tikiti, ya nemo likitan ciki a garinsu ko garin da ke kusa wanda ya yarda zai bibiye shi, ya kuma tabbatar akwai inda za a cire masa da gaggawa idan ta kama. Ya tanadi kuɗin cirewa tare da na sakawa. Ya dawo da takarda mai ɗauke da sunan samfurin, yawan ruwan da aka ɗura, ko an zuba shuɗi, ranar sakawa da ranar cirewa, ya ɗauki hotonta a wayarsa. Mutum ɗaya aƙalla a gidan, miji ko mata ko ɗan'uwa, ya san abin da ke cikinsa da alamomin da za su sa a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da shawara ba. Ya dubi lokaci ma. Wanda ruwa ba ya zauna masa, a zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, bushewar jikinsa ba za ta ɗauki kwanaki ba. Haka bai dace a saka dab da azumi ba, kuma wanda Ramadan ya riska da ita a ciki ya zauna da likitansa tukuna, domin cika ciki lokaci guda da buɗa-baki shi ne ainihin abin da tumbi mai balan-balan ba ya ɗauka.

Ga likitocinmu da ma'aikatan jinya na sashen gaggawa kuma, tambaya guda ta isa ta sauya komai: an taɓa saka maka wani abu a ciki domin rage ƙiba? Idan amsar e ce, ciwon ciki mai tsanani ba na sallama da maganin olsa ba ne. A ɗauki hoto, a auna lipase da gishirin jini da aikin ƙoda, a kira likitan ciki da na tiyata tun da wuri. Idan tumbi ya cika ya kumbura, zura bututu ta hanci a zuƙe abin da ke ciki yana sauƙaƙa wa maras lafiya kafin a kai ga cirewa.

Ita kanta cirewar ta fi sakawa haɗari, abin da mutane kaɗan suka sani. Balan-balan tana hana tumbi fitar da abinci da wuri, don haka ko mutum ya kwana bai ci ba, ana iya tarar da ragowar abincin shekaranjiya a kwance a bayanta. Idan aka sa shi barci wannan ya taso ya faɗa huhu, ciwon huhu mai tsanani ne, har da mutuwa. Shi ya sa ake mayar da mutum kan abinci mai ruwa zalla na kwana biyu ko uku kafin ranar, sannan ya kame baki gaba ɗaya na aƙalla awa 12, kuma likitoci da yawa sun fi son a saka bututun numfashi a maƙogwaro domin a tsare hanyar iska. Wanda aka kawo da gaggawa, cikinsa cike, wannan bututu wajibi ne a kansa. Daga nan likita zai shiga da kyamara, ya huda robar da allura mai bututu, ya zuƙe ruwan har ta lanƙwashe gaba ɗaya, ya kama ta da maƙata ya jawo a hankali ta maƙoshi. Idan aka yi gaggawa aka ja ta da sauran ruwa a ciki, tana iya yaga maƙoshi. Wadda ta wuce wa'adi takan yi tauri, naman gwari ya lulluɓe ta, robar ta riƙa yagewa a bakin maƙata, aikin minti ashirin ya koma na awa guda. Bayan ta fito, likita yana sake komawa da kyamara ya duba tumbi da maƙoshi, ko akwai gyambo, yaguwa ko jini, kuma idan ya ga gyambo mutum zai ci gaba da maganin tsamin ciki na wasu makonni kafin a sallame shi gaba ɗaya.